Ƙarar cikin mota a Maradi: ka taɓa da kanka, ka kai gareji, ko ka nemi mai kujeru?

Idan mota ta fara ƙara daga ciki, yawancinmu sai mu yi ta haƙuri har abin ya ishe mu, sannan mu wuce gareji mu miƙa wa bakanike makulli mu ce ya duba. A ganina wannan ne ke sa mutum ya kashe kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya. Ƙarar cikin mota tana da masu magani huɗu a garin nan: kai mai motar, bakanike, mai ɗinkin kujerun mota, da mai gyaran jiki, wato toliye. Kowanensu akwai ƙarar da ya fi kowa iyawa, akwai kuma wadda in ka ba shi zai karya maka abin da ba ka samun irinsa a kasuwa. Haka ma kayan da ake cusawa ko a shafa: wani yana shekara yana aiki, wani kwana uku ne ƙarar ta dawo ta fi da.

Motocin Maradi suna da dalilinsu na yin surutu. Akasarinsu sun gama rayuwa guda a Turai kafin a sauke su a Kwatano a koro su har nan. Toyota Carina E da har yanzu take ɗaukar mutane a hanyar Tasawa da Dakoro, daga 1992 zuwa 1997 aka yi ta. Peugeot 406 kuwa daga 1995 zuwa 2004. Robar da ke cikinsu ta tsufa tun kafin ta ga ranarmu. Sai kuma zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da gari ke wuce digiri 40, tablon motar da aka bari a rana, wato allon gaba da ke ɗauke da agogon gudu da rediyo, yana iya kaiwa digiri 70 har ya haura. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya in ya ƙara zafi da digiri 50 ba ya miƙewa ko milimita ɗaya, amma roba mai wannan tsawon tana iya miƙewa milimita 3 ko 4. To tablo roba ne da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Kullum da rana ya miƙe, da dare ya koma, shekara da shekaru, har ramukan sukuru su buɗe, maɓallan da ke riƙe da shi su saki. Ka haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, da hanyoyin burji masu kunya-kunya na ƙauyukan Madarumfa da Mayahi, ka ga babu mamaki.

Kafin ka zaɓi wanda za ka kai wa, ka san irin ƙarar, don iri uku ce kuma maganinsu ya sha bamban. Akwai ƙi-ƙi-ƙi, mai tashi idan abu biyu suna gogar juna a matse: roba da roba, robar bakin ƙofa da fenti, fatar kujera da murfin gefenta. Wannan ba sakewa ba ce, gogayya ce, ana kashe ta ne da raba abubuwan biyu da wani abu mai laushi ko mai santsi. Akwai kar-kar-kar, mai tashi idan akwai ɗan sarari tsakanin abu biyu, rami ko tudu ya sa suna bugun juna. Wannan sai an ɗaure ko an cike sararin. Ta uku ita ce mai zirrr, wadda ba ruwanta da hanya: tana zuwa ne idan inji ya kai wani juyi, ta ɓace idan ya wuce shi. Injin silinda huɗu yana bugu sau biyu a kowane juyi, saboda haka a juyi 750 a minti yana girgiza motar sau 25 a daƙiƙa, a juyi 3000 kuma sau 100. Kowace ƴar faranti ko waya da ta sake tana da girgizar da take amsawa. Wanda ya shafa mai a wurin da ke buƙatar ɗauri, ko ya ƙara ɗaure wurin da ke gogayya, aikin banza ya yi, wani lokacin ma ya ƙara wa ƙarar ƙarfi.

Akwai ƙarar da ba a zaɓi a kanta, gareji za a kai ta yau. Duk bugun da kake ji a tafin ƙafa ko a hannu ta sitiyari, gum mai nauyi idan taya ta faɗa rami, wannan daga ƙasa yake ko da kunnenka na ce maka daga tablo ne: rotil (gaɓar da taya ke juyawa a kanta), ko amortisa (mai shanye jijjigar hanya), ko robobin hannun taya. Ƙas-ƙas-ƙas idan ka karya kan mota sosai kana tafiya a hankali, kardan ne, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canzawa idan ka ɗan karkata hagu ko dama, rulman ne na taya, wato boris ɗin da take gudu a kansa. Ƙarar ƙarfe idan ka taka birki ba ta buƙatar bayani. Haka idan ƙarar ta zo tare da warin hayaƙi a cikin mota, salansa ce ta tsage ko ta sake, kuma hayaƙin nan yana da iskar da ba ta da wari amma tana sa barci da ciwon kai, har tana kisa. Rotil da ya fita a kan babbar hanyar Yamai mota tana gudu, ba ƙara ake magana ba a lokacin. Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan ƙarar da aka tabbatar ba ta cikin waɗannan ne.

Binciken farko naka ne, babu wanda zai yi maka shi kamar kai, kuma kyauta ne. Ka kwashe komai daga motar. Komai fa: silalla da makullai a aljihun ƙofa, carbin da ke rataye a madubi, kwalbar turare, buta, cajar waya, takardu da biro a akwatin gaba. Ka buɗe but ka taɓa tayar sakur ka ji ko notinta na tsakiya ya sake, ka duba jak da sifanar taya ko suna zaune a mazauninsu. Ka girgiza lambar mota ta baya. Da yawa sukuru biyu ne kawai ke riƙe da ita, ƙasanta na bugun murfin but. Ka dubi ƙarfen bel na kujerar da babu kowa a kanta, yana yawan dukan ginshiƙin tsakiya. Sannan ka je wurin mai faci a auna iska da ma'auni, ba da bugun hannu ba. Takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai ta faɗi abin da ya dace, a ƙananan motoci galibi tsakanin kilo 2 da 2.5. Tayar da aka cika fiye da kima tana miƙa kowane tsakuwa kai tsaye zuwa cikin mota. Ƙararraki da yawa a nan suke ƙarewa.

Wadda ta rage, sai da mutum biyu. Kada ka yi tuƙi kana leƙe-leƙe, ga ƴan kabu-kabu ga amalanke. Ka ba wani amintacce tuƙi, kai ka zauna kusa da inda kake zato. Ku nemi layin da ba a zuba wa kwalta ba, irin na cikin Zariya ko Ali Ɗan Sofo, inda kuka san ƙarar tana tashi, ku riƙa bin wuri ɗaya da gudu ɗaya, a kashe rediyo da kilim, a rufe gilasai. Idan ta tashi, ka ɗora tafin hannu ka danna wuri ɗaya: murfin akwatin gaba, gefen rediyo, saman tablo kusa da gilashi, murfin ƙofa, rufi, makarin rana, matashin kai na kujera. Inda ka danna ta yi shiru ko ta canza murya, nan ne. Ka yi haƙuri da kunnenka, domin jikin mota kamar ganga yake, ka buga nan ya amsa can. Ƙarar da direba zai rantse daga dama take, wanda ke zaune a dama zai ce daga hagu. Abin da ke raba gardama shi ne guntun tiyo na ruwa mai tsawon kamu biyu ko uku: baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bin layin haɗin robobi da shi. Idan ka zo kan wurin ba sai an faɗa maka ba.

Mai zirrr ta fi sauƙi, don ba sai mota ta motsa ba. A ja birkin hannu, ba a sa giya ba, wani ya riƙa taka totur a hankali har ta tashi ya tsaya a nan, kai kana zagayawa. Sau da yawa za ka tarar ba a ciki take ba, siririyar farantin da ke kare ƙasan mota daga zafin salansa ce ta ruɓe a bakin noti. Idan kuma ƙarar tana bin gudun fankar kilim, ka ƙara ta ƙaru ka kashe ta mutu, to ganye ne ko leda ko sheƙar ɓera a cikin fankar. Ka kuma lura da lokaci: ƙarar da ke zuwa da sanyin safiyar Janairu ta tafi idan rana ta ɗaga, roba ce ta tsuke ta bar sarari, wadda ke zuwa da azahar a watan Mayu, roba ce ta miƙe tana gogar maƙwabciyarta.

Yanzu ka san wurin. Wa zai taɓa?

Yin gyaran da kanka shi ya fi araha, kuma kai ne ke da abin da babu mai sana'ar da zai ba ka, wato lokaci da sanin ƙarar. Duk abin da hannu ke kaiwa ba tare da an ɓalle murfi ba, ban ga dalilin biyan kowa ba: murfin akwatin gaba da ƴan robobin tsayawarsa suka lalace, sandunan matashin kai, lambar mota, robar bakin ƙofa, shiryayyen bayan kujerun baya, sukurun da ake gani. Motocin Japan sun sauƙaƙa, sifana mai lamba 10 da 12 da sukudireba mai kan gicciye sun isa yawancin aikin ciki. Peugeot da Opel da Volkswagen kuwa suna son sukuru mai kan tauraro, kuma wanda ya tilasta masa sukudireba ta daban zai cinye kan ya bar shi a ciki. Inda haɗarin yake shi ne ɓalle murfi. Murfin ƙofa da na ginshiƙai da na tablo suna zaune ne a kan maɓallan roba da ba a gani, kuma bayan shekara ashirin a rana sun bushe, da ka ja ba daidai ba sai ƙas. Maɓallin kansa ba komai ba ne, ana samun madadinsa. Kunnen da yake zama a ciki, wanda ke jikin murfin, shi ne in ya karye ka shiga yawon neman murfi gaba ɗaya a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, kuma da wuya ka samu mai launin naka. In ka ƙuduri aniyar buɗewa, kada ka yi da sanyin safiya. Ka bar motar ta ɗan ɗumama, roba mai ɗumi ta fi jure lanƙwasa.

Bakanike shi ne gwanin ƙasan mota da inji, kuma shi kaɗai ke da ramin da zai shiga ya girgiza taya ya tabbatar maka. A wannan ba shi da na biyu. Amma ƙarar tablo ba abincinsa ba ce, kuma masu gaskiya a cikinsu suna faɗa. Na ji wani dattijon maigidan gareji yana ce wa wani mai Corolla: "Alhaji, ƙasanta lafiya lau, na duba. Wannan ta sama ce. In na ba yaran nan za su buɗe maka ita da sukudireba, su rufe da rabin sukurun. Ka kai wa mai kujeru." Alhajin ya ce, "To Baba, ko a canza amortisa a gani?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗinka ne, amma ba ita ba ce." Ba kowane gareji za ka ji wannan amsar ba. Inda motoci suka yi layi, aikin da zai ci awa uku ana lalube ba tare da an sayar da kaya ba, ba ya biyan mai gareji, saboda haka sai a karkata ga abin da ake iya canzawa. Kai kuma ka biya sababbin amortisa, motar ta ɗan yi laushi, ƙarar ta ragu sati ɗaya ta dawo. Ka kai wa bakanike ya wanke maka zargin ƙasa, ka biya shi kuɗin dubawa da daɗin rai, amma kada ka bari a canza abin da ba a nuna maka wasansa da hannu ba.

Mai ɗinkin kujeru shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi, alhali a ƙarar cikin mota zalla shi na fi ba wa. Sana'arsa ce cire murfi da mayarwa, ya san inda kowane maɓalli yake ɓoye, kuma soso da ƙyalle da gam duk suna gabansa. Na tsaya na kalli ɗaya yana buɗe ƙofar gaba ta wata Avensis. Ya fara cire sukurun da ke cikin mariƙin hannu da wanda ke bayan hannun buɗewa, ya naɗe bakin wani faffaɗan ƙarfe da tsumma, ya zura shi daga ƙasan murfin yana lalube har ya ji maɓalli, sannan ya murɗa daidai kansa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ɗaga murfin sama ya zare shi. A ciki maɓalli uku sun karye tun tuni, wani ya taɓa maye gurbin ɗaya da guntun kwali. Wayar lasifika tana lilo tana bugun ƙarfe, sandar makulli ta fita daga ƴar robar da ke riƙe ta, kuma a gindin ƙofar yashi ne da ƴan tsakuwa da ɓaraguzan wani tsohon gilashi da ya taɓa fashewa. Ya share, ya buɗe ramukan fitar ruwa da tsinke, ya naɗe wayar da ƙyalle ya ɗaure ta, ya sa sababbin maɓallai, ya maida ledar da ke tsakanin ƙarfe da murfi yadda take. Wannan ledar mutane da yawa yage ta suke su yar, ita ce kuwa ke hana ruwan damina jiƙa murfin ya kumbura.

Rauninsa biyu ne. Na ɗaya, yawancinsu ba sa fita gwaji, a tsaye suke aiki, don haka in ba kai ka kawo masa wurin ba zai buɗe inda ya ga dama. Na biyu, hannunsu yana saurin zuwa ga gam. Ka gaya masa tun farko ba ka son a manne abin da asalinsa cirewa ake yi.

Toliye nasa aikin a bayyane yake. Ka buɗe ƙofa rabi, ka kama ƙarshenta ka ɗaga. In ta yi wasa, maratayanta sun ci. Ko ka naɗa salatif zagaye biyu a ƙarfen da makullin ƙofa ke kamawa a jikin ginshiƙi, ka rufe ka fita gwaji. In ƙarar ta mutu, ƙarfen nan ne ke son a matsar da shi ko a canza. Murfin but mai rawa, gilashin gaba da aka canza ba a manne shi da kyau ba har yana ƙi-ƙi yana yoyo da damina, walda da ta saki a motar da ta sha lodin buhuna, duk nasa ne. Idan kuma ƙarar ta fara ne washegarin ranar da aka sa maka rediyo ko lasifika, koma wa mai wutar da ya sa, akwai abin da ya bari yana lilo.

Maganar kayan da za a sa ita ce na fi so a tsaya a kai, don a nan zafinmu da ƙurarmu suke canza hukunci. Abin da ya yi wa mai mota a Faransa aiki ba lalle ya kai watan Yuni a nan ba.

Man feshi irin WD-40 shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi, kuma gaskiya ne yana kashe ƙi-ƙi nan take. Amfaninsa na gaske shi ne kwance noti mai tsatsa da korar danshi. Daga man fetur aka samo shi, mafi yawansa yana bushewa, ɗan maiƙon da ya rage kuma yana kama ƙura. Robar bakin ƙofa da ta gilashi irin robar da ba ta shiri da man fetur ce, yana sa ta kumbura ta yi laushi. Baƙin man juye da giris sun fi shi muni a cikin mota: a garin da iska ke ɗauke da yashi, maiƙo da yashi in sun haɗu sai su riƙa cin abin da aka shafa wa. Giris yana da wurinsa, ɗan kaɗan a layin da kujera ke gudu a kai bayan an wanke shi tas, da maratayan ƙofa, a goge abin da ya fito waje. Man birki da wasu ke shafa wa roba don ta yi baƙi, yana cin fenti, kada ya kusanci motarka. A kan roba, silikon ne daidai. Ka wanke robar da ruwa da sabulu tukuna, sau da yawa ma wankin kaɗai ya isa don ƙurar ce ke kukan, ka bari ta bushe, ka fesa silikon a tsumma ka shafa, ba a kan motar kai tsaye ba. Kada ya taɓa sitiyari, ko robar da ake takawa ta birki da totur, ko gilashin gaba. In kana shirin fenti ka jinkirta, don fenti ba ya kama inda silikon ya taɓa.

Tsakanin roba mai tauri da ƴar'uwarta, busasshen abu ya fi kowane mai. Siririn ƙyalle mai gashi-gashi, ko salatif ɗin ƙyalle irin wanda kamfani ke naɗe wayoyin mota da shi, shi ne na ɗaya: ba ya narkewa, ba ya kama ƙura, kuma da shi masu ƙera motar suka raba waɗannan wuraren tun asali. In ba ka samu ba, guntun bargo ko ƙyallen rufin mota da ya rage a wurin mai kujeru ya wadatar. Baƙin salatif na masu wuta yana da kyau a gwaji, amma ba na zama ba ne. Zafi na narkar da gam ɗinsa, ya zame ya bar danƙo baƙi. Robar tsohon tiyub tana jure zafi sosai kuma kyauta ce a wurin mai faci, ta dace da inda ake bugu: bayan lambar mota, ƙarƙashin jak, tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sai dai kada a sa ta inda ake gogayya, don ita kanta tana ƙi-ƙi a jikin roba mai santsi. Soson katifa yana cike sarari da kyau ranar farko, amma yana shan ruwa, kuma zafi na mai da shi gari. A cikin ƙofa tsatsa yake jawowa. Soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin na silifa ko wanda ake rufe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi, ya fi shi nesa ba kusa ba. Kwali da takarda da tsinken ashana da ake cusawa a bakin tablo, su ma gwaji ne kawai, kuma cusa abu da ƙarfi yana buɗe haɗin ya ƙara faɗi.

Sufa gulu kuwa ina roƙon a bar shi. Yawancin robar cikin mota irin wadda ba ya kamawa ce sosai, yana bushewa ya yi tauri ya tsage a girgizar farko, yana barin farin tabo, kuma in ya kama ɗin ya hana a sake buɗe wurin sai da karyawa. Kunnen murfi da ya karye gara a narka shi da ƙarfen walda na masu gyaran rediyo, a dasa ƴar waya a ciki ta riƙe. Masu son su kashe amon ƙofa gaba ɗaya da shimfiɗa mai nauyi, su bambance tsakanin ta roba da aka yi don mota da mai kwalta ta like rufin ɗaki. Ta biyun ta fi araha, amma a ƙofar da ke shan ranar Maradi tana laushi ta zame, warinta kuma ya zauna a motar. Kumfar gini da ake fesawa ta kumbura ba ta da wuri a ƙofa ko ginshiƙi, tana toshe hanyar ruwa tana kama wayoyi.

Abu biyu ne ba na yarda a yi wasa da su, ko kai ne ko mai sana'a. Duk waya ko mahaɗi mai launin rawaya, a ƙarƙashin kujera, a bayan sitiyari ko a bayan akwatin gaba, ka ɗauke shi na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari. Ba a taɓa shi sai an kashe mota an cire kan batir an jira. Littattafan gyara na Toyota sun ce aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin sun fi haka. Murfin ginshiƙi da ke ɗauke da alamar jakar iska an yi shi ne ya buɗe idan an yi haɗari, saboda haka ba a manne shi, ba a kafe shi da sukuru. Na biyun shi ne ɗaura sabon sukuru mai tsini a inda babu rami. A ƙarƙashin kafet da bayan murfi akwai damin wayoyi, a ƙarƙashin daɓen motar akwai bututun birki da na mai, a ƙarƙashin kujerar baya kuma galibi tanki ne. Wayar da ta sake, igiyar roba mai haƙora ce maganinta; murfin da ya sake, sabon maɓalli.

Duk wanda ka zaɓa, ku yi magana kafin ya ɗauki sukudireba. Ka nuna masa wurin da hannunka, in zai yiwu ka ɗauke shi ku bi layin nan ya ji da kunnensa. Ku yi ciniki a kan wuri ɗaya, a gyara shi, a fita gwaji, sannan a wuce na gaba, domin in an buɗe wurare huɗu a rana ɗaya ba wanda zai san wanne ne ya yi magani, wanne ne kuma ya haifar da sabuwa. Ka sayi maɓallai tun kafin a buɗe, ka je da tsoho ɗaya a hannu don girmansu ya bambanta daga mota zuwa mota, ka sayi fiye da yadda kake zato. Ka sa a zuba sukurun da aka cire a cikin gwangwani ɗaya, a gama aiki gwangwanin babu komai. Ragowar kuɗin aiki kuma ka ce sai ka gwada motar sau biyu, da sassafe da kuma bayan ta wuni a rana.